Guci, Guci, Nan Bande

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Na kira Guci. Shiru.

Littafin nan don aikin tasha na saye shi, in riƙa rubuta wanda na ji a rediyo da yadda muryarsa ta iso. Tunda yanzu ba na jin kowa, bari in riƙa zuba abin da ya samu, kada takarda ta lalace a banza.

Ƙaramin rediyon lafiyarsa lau. Na auna batir, na hau bishiyar bedin ƙofar gida na duba wayar antan, wato eriya, matata Balkisu na ƙasa tana cewa in na faɗo kada in kira ta, ita ba ta aike ni ba. Wat biyar ɗinsa yake fitarwa kamar kullum. Shekaru ke nan wat biyar ɗin nan ke kai maganata Guci, amma bana iska ta cika da ƙara, kuma na san batirin can ya tsufa. Ni dai a ganina ba ya ji na ne.

Ragon da nake kiwo ya sake cinye igiyarsa.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Yaya Ƙande ta kira ni a salula tun ban karya ba. Ita ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce in an gama roron wake mutumin Guci zai bi motar samarin da ke tafiya arewa haƙar zinariya, har ya kama wuri. Ya ba abokinsa sansa na huɗa, ya ce mata ta riƙe gonar. Ta ce masu zuwa ci-rani ba sa rabar da shanunsu. "Wannan ba tafiyar mai niyyar dawowa ba ce, Mu'azu. Ni na yi magana har bakina ya gaji, saura kai."

Saura ni. Kamar ba ita ce ta zo ta goya shi ta tafi da shi ba ranar da aka yaye shi.

Shi ne na fari a gidan nan. Ban taɓa kiran sunansa ba, uwarsa ma haka, kuma ba mu muka ƙirƙiro ba, haka muka tarar. Mutumin Guci muke ce masa. Can ya tashi a hannun Yaya, can ya yi gona, can ya yi aure bara. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin zaure, in dubi bango in amsa. Da ya zama saurayi ya yi rani biyu a shagona yana koyon gyaran rediyo, kuma duk ranin nan da rediyo nake magana ba da shi ba: a riƙe nan, a sa dalma can, a bar wannan ya huce. Hannunsa ya fi nawa tsabta. Ban gaya masa ba.

Da zai koma na haɗa ƙananan rediyo biyu iri ɗaya, na sa shi ma ya nemi takardar izini irin tawa. Ranar da muka fara gwaji na karanta lambobin kira yadda doka ta ce, sai na rasa abin faɗa. Na ce, Guci, Guci, nan Bande. Sai na ji an ce, Bande, nan Guci, ina jin ka, amma muryarka kamar ta mai mura. Wallahi dariya na yi har da tari. Ban taɓa dariya tare da shi ba sai ranar. Tun daga nan kullum bayan la'asar sai mun taɓa hira, ruwa, gero, farashin wake, wa ya mutu, wa ya haihu. A iska ba uba da ɗa ba ne, tasha ce da tasha, kuma tasha ba ta jin kunyar tasha.

Balkisu ta ce in sa Yaya ta miƙa masa salularta mana, tunda tasa a kashe take tun ranar da aka yi masa rasuwa. To in ta miƙa in ce me? In ce an wuni lafiya, ya ce lafiya lau, in ce madalla, mu yi shiru har kiredi ya ƙare.

Ampili zan haɗa. Mai lamp, kwalaben nan masu yin ja in an kunna, irin na da, wanda zai ɗauki wat biyar ɗin nan ya mai da shi sittin. In ya ji ni sosai zai amsa.

Talata, bayan la'asar

Na kira. Shiru.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da azahar

Na zazzage shago. Taransifo, mai ɗaga ƙarfin wuta, na samu a cikin wani tsohon ampilin masu kiɗan biki da aka bar mini tun shekarun baya ba a zo ɗauka ba. Nauyinsa kamar dutsen niƙa, kuma da na auna yana ba da wuta yadda nake so. Lamp biyu na ciro daga gawar wata tele, wato talabijin. Yaran yanzu in sun gan su cewa suke kwalbar turare ce. Ba su san da kwalaben nan aka yi ta jin duniya ba kafin a haifi iyayensu.

Abin da zan dasa kayan a kai ne ya gagara, sai idona ya faɗa kan babban tiren Balkisu na sanholo, wanda take jera kwanoni in an yi baƙi. Na ce aro. Ta ce aron da ake hudawa da ƙusa? Na ce ramuka huɗu ne kawai. Ta tsaya tana kallona, na ɗauka za a yi ta, sai ta tambaye ni ko abin zai kai Guci. Na ce har ya wuce. Ta goge tiren da bakin zanenta ta miƙo mini.

Ramukan sun kai goma sha. Ban nuna mata ba tukuna.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko

Sharifu ladan ya tare ni a ƙofar masallacin unguwa da ƙorafin ampilinsa. Wai maɓallin ya lalace, in ya kashe sai ya yi ta dukansa kafin ya sake kamawa, don haka yanzu in ya kira la'asar mikro kawai yake zarewa, ya bar shi a kunne har magariba. Na ce in na samu sarari zan duba. Ya ce tun kafin damina nake samun sararin nan. Na ce shi ma tun kafin damina nake ce masa ya ɗauke wayar lasifikarsa daga kan katangata, ya shimfiɗa mini ita gefen antan kamar igiyar shanya. Muka rabu kowa na ganin shi ya yi nasara.

Na kira. Shiru.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Na naɗa bobin. Wayar jan ƙarfe daga injin fanka da ya ƙone, na naɗe ta a jikin guntun tiyo. Sau uku ina warwarewa, idona ba kamar da ba. Mutumin Guci da zai yi ta tashi ɗaya, zare na bin zare.

Ragon nan ya ishe ni. Ni na saye shi tun da aka ce cikin matarsa ya fito, na kiwata shi da harawa da dussa, don ranar suna a ce daga Bande ya zo. Haihuwa ta zo, uwar ba ta tashi ba. Ranar bakwai ɗin mun je Guci kuwa. An taru, an shimfiɗa tabarmi, an yi addu'a, an raba gumba. Ba wanda ya ce a zo da rago. Tabarma ɗaya muka zauna da shi, mutum biyu a tsakaninmu. Na ce Allah ya ba da haƙuri, ina kallon liman. Ya ce amin, yana kallon ƙasa. Daga cikin gida ana jin kukan jaririyar.

Tana hannun Yaya, madarar gwangwani take sha. Liman ya yi mata huɗuba a kunne, amma ba a yi taron suna ba, uban ya ce a bari. Yaya ta ce ko inda aka kwantar da ita ba ya kallo.

Balkisu ta ce a sayar da ragon ko a ba wani. Na ce a bar shi. Sai ƙiba yake yi, marar kunya.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Shiru.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Yau kaɗan ya rage a yi ta'aziyya a gidan nan ma. Maigidana da ya koya mini aikin nan a Damagaram, Allah ya jiƙansa, dokarsa ɗaya ce: in kana aiki da babbar wuta hannu ɗaya a aljihu. Shekara arba'in ina bin dokar nan. Yau na kashe kuran, wato wutar lantarki, na manta kondansater na riƙe wuta a cikinsa ko an kashe, na kai hannu biyu. Ban san lokacin da na isa bakin ƙofa ba. Balkisu ta tarar da ni zaune a ƙasa ina kallon yatsana, warin ƙuna ya cika shago.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta shafa mini man kaɗe ta ɗaure da tsumma. Tana ɗaurewa ta ce, "Malam, kana ganin da gaske rashin ji ne?"

Na ce mace me ta sani game da iska. Ta ce ba ta san iska ba, ta tashi ta tafi wajen tukunyarta.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da azahar

Na kunna. Ban haɗa da antan ba, ƙwan fitila na sa a madadinsa, don in ga ƙarfin wutar da ido ba tare da na dami kowa a iska ba. Lamp ɗaya ta yi ja a hankali yadda ake so. Ɗayar sai ta yi wani shuɗi-shuɗi a ciki, alamar iska ta shige ta. Ta mutu ke nan, ba gyara.

Na zauna ina kallonta har kuran ya tafi.

Asabar, 19 ga Oktoba, da magariba

Na je Magariya neman lamp. Na zaga masu gyara, duk yara ne masu gyaran salula, ɗaya har ya tambaye ni ko ta mota ce. Can a bayan kasuwa wani tsoho ya kai ni gidansa ya nuna mini wata tele da kaza ke ƙwai a ciki. Muka ɗaga kazar tana zaginmu, na zaro lamp ɗin, na goge kashin da hulata. Lafiyayya ce. Na naɗe ta a rawani na rungumo ta kamar ƙwan ne na sato.

Da na sauka a tashar Bande sai ga Maikuɗi direba, mai bin hanyar Waca har Guci, motarsa ta cika saura wuri ɗaya. Ya hango ni ya ce, Malam Mu'azu, ga gaba na ajiye maka. Na tsaya. Ƙafata har ta motsa, Allah ya sani. Sai na ga kaina a zuci na sauka a ƙofar gidan Yaya, ya fito ya durƙusa, na dubi bango. In yi tafiyar nan duka don in dubi bangon Guci, alhali ga bango a gidana.

Na ce masa lamp ce a hannuna, ba ta son girgiza. Ya ce wake ya yi kyau a can bana, an kusa gama roro.

Yau ban samu kira a kan lokaci ba. Na kira duk da haka.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Lamp biyu sun yi ja tare. Na murɗa a hankali, na murɗa, sai ƙwan fitilar ya kama, fari tas, har na ga inuwata a bango da rana tsaka. Na yi magana a mikro, hasken na rawa da muryata. Na kira Balkisu ta zo ta gani. Ta ga tirenta da ramuka, ta buɗe baki, sai ta ga fitilar. Ta ce in sake magana. Na ce, Guci, Guci. Fitilar ta yi ƙyafta biyu.

Ta ce, "To ai ga shi nan yana amsawa," ta fita da sauri.

Akwai sauran aiki. In ya daɗe a kunne lamp ɗin na yin ja fiye da kima, sai na sa masa ƴar fanka, kuma wani gefen na yin tartsatsi.

Litinin, bayan la'asar

Da ƙaramin na kira. Na gaya wa Guci an kusa, ya ƙara haƙuri da ƙarar iska. Na ba shi labarin kazar Magariya. Na saki maɓalli na jira dariya.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Yaya ta kira. An gama roro, ana sussuka. Motar za ta tashi farkon mako mai zuwa. Ya wanke kayansa ya ɗaure. Ta ce jaririyar ta fara bin mutane da ido. Ta ce, kana ji na kuwa? Na ce ina ji. Ta ce to ji kawai ka iya, kai da shi duk ɗaya.

Ban karya ba. Tartsatsin nake bi.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da azahar

Ya gama. Na cire ƙwan fitila na haɗa antan. Yau bayan la'asar, in Allah ya yarda, in kuran bai ci amanata ba.

Na yi wanka na sa farar riga, ban san dalili ba. Ba ganina zai yi ba.

Alhamis, da magariba

Ban je masallaci ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Ban fita ba. Na ce wa Balkisu duk wanda ya zo ta ce ba na jin daɗi. Ba ƙarya ba ne.

Asabar, 26 ga Oktoba, da azahar

Tunda duk Bande ta ji, ban ga abin da zan ɓoye wa takarda ba.

Ranar Alhamis ɗin na dawo daga la'asar na rufe shago, na sa kask a kunne, irin mai toshe komai. Lamp suka yi ja. Allurar ma'auni ta tashi inda ban taɓa ganin ta kai ba. Na karanta lambobi, na ce Guci, Guci, nan Bande, yau da wat sittin nake zuwa maka, ba ka da hujja. Na saki. Ƙarar iska. Na sake, na sake. Iskar ma ranar a kwance take, har ina jin wasu masu hira daga wata ƙasa can nesa, tas kamar suna zaure. Wanda ke nan kusa ne dai babu.

A nan na gane Balkisu ta fi ni sanin iska. Na ga ba ni da sauran abin haɗawa. Ba lamp, ba bobin, ba wani wat da zan ƙara. Na danna maɓalli, kuma abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba:

"Nafi'u. Ba Bande ba ce, ni ne, babanka. Kada ka tafi. Yarinyar nan ta rasa uwa, kada ka sa ta rasa uba. Ni ma ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba. Ragonta na nan, ka zo ka ɗauka. Nafi'u, ka ji?"

Na faɗi sunan ya fi sau biyu. Bakina bai saba da shi ba, sai ya riƙa fita wani iri. Kuma akwai abin da ya biyo baya wanda ba magana ba ne, ban kuwa saki maɓallin ba.

Sai ji na yi an fizge kask daga kaina. Balkisu ce, ba mayafi, da muciya a hannu. Ta nuna sama. Ina riƙe da mikro na ja numfashi, sai na ji numfashina ya fito daga lasifikar masallaci.

Wayar Sharifu. Ampilinsa da ke kunne. Wat biyar bai taɓa isa ya shiga wayar nan ba, sittin kuwa ya shige ta kamar gidansu. Ni da na shekara arba'in a aikin nan, abin da ko rabin mai gyara zai hango. Hankalina na Guci, ban dubi katangata ba.

Lasifikar nan har bakin kasuwa ake jin ta.

Asabar, bayan la'asar

Ban kira ba. Na rufe shi da tsohon zane.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Na fita asuba, don ba a ɓuya wa Allah. Na shirya wa dariya, na ma fi son a yi ta a gama. Ba wanda ya yi. Tsofaffin sahun gaba suka matsa suka ba ni wuri, mai shayi ya zuba mini bai dube ni ba. Wannan ya fi dariya ciwo.

Sharifu ya biyo ni har ƙofa. Ya ce yana alwala a baya ya ji, ya rugo ya kashe, maɓallin ya ƙi kamar kullum. Na ce ba sai ka zare wayar ba? Ya ce ya kai hannu, sai ya fasa. Sannan ya ce shi ma nasa na farin yana Libiya shekara shida, bai taɓa ce masa kada ya tafi ba. Ya ce in na samu sarari in zo in duba maɓallin, ba gaggawa.

Da hantsi ina shago na ji Balkisu a madafa ita kaɗai tana faɗin sunan a hankali, tana maimaitawa, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Tun ranar da liman ya raɗa shi ba na jin ya taɓa fita daga bakinta. Na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Lahadi, bayan la'asar

Ban kira ba. Me ya rage in ce?

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Farkon mako. Yaya ba ta kira ba, ni ma ban kira ta ba. Na ba ragon ruwa.

Talata, 29 ga Oktoba, da magariba

Wajen azahar ina zaune a shago ba na komai, na ji sallama a bakin zaure. Na san muryar, amma ban saba jin ta ba tare da ƙarar iska ba. Ya rame. Ya durƙusa inda ya saba, na dubi bango inda na saba, muka gaisa. Balkisu ta turo ruwa daga bayan ƙofa, hannunta kawai na gani.

Ya shigo shago ya ɗaga zanen. Ya daɗe yana duba aikin. Ya taɓa bobin ɗin ya ce an warware wannan ya fi sau ɗaya. Ya ce tiren nan kamar ya san shi. Duk maganar nan da ampilin yake yin ta, ni ma da shi nake amsawa.

Na tambayi ampilin ko motar arewa ta fasa tashi ne. Aka ce ta tashi jiya da safe.

Can ya ce, "Na ji shiru ne, Baba. Juma'a, Asabar, Lahadi. Na ce ko wani abu ya same ka."

Na ce ashe sittin ɗin ya kai.

Ya ce, "Da ƙaramin ma ina jin ka. Kullum ina kunnawa. Har labarin kazar na ji. Amsawar ce ban iya ba."

Na dubi taransifo da lamp biyu da yatsana da bai gama warkewa ba. Na so in yi faɗa, in ce to don me aka bar ni na huda tiren mutane. Na juya na dube shi, shi kansa ba bango ba. Yana da furfura biyu-uku a gefen kunne, ban san da su ba.

Da zai tafi ya ce Yaya ta ce jibi za a yi taron sunan, in an yarda a ba da ragon. Mu biyu muka kama shi, ya tuma ya zubar da ni a cikin harawa. Maikuɗi ya ɗaure shi a saman mota yana ta kuka har suka sha kwana.

Alhamis, 31 ga Oktoba, Guci, da yamma

An yi suna. Mubina, sunan uwarta. Naman ya ishi kowa har da maƙwabta, Yaya ta ce ba ta taɓa ganin rago mai kitse haka ba, na ce zaman banza ne.

An miƙo mini ita na riƙe. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Shi yana can wajen masu fiɗa, yana ta kai da kawo, aikin da ba nasa ba ma yana yi. Duk wunin ban ga ya ɗauke ta ba. Yaya ta ce tun da aka haife ta haka ne. Ta ce kuma wata motar na tashi bayan an kai dawa gida, kada in saki jiki.

Ban taɓa masa zancen ba. A gaban mutane ne.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da safe na gyara wa Sharifu maɓallinsa, muka ɗauke wayar daga katangata. Balkisu ta ce a bar mata tiren yadda yake, da lamp ɗinsa da komai, ta ɗora a saman kwanoninta.

Ƙaramin na kunna. Ban kai ga danna maɓalli ba na ji an riga ni.

"Bande, Bande, nan Guci."

Muryar ta iso sarai. Ya ce an yi raɓa da safe, dawa ta kusa, batirinsa na neman canji. Yana magana ana wani ƙaramin gurnani, sai kuma kuka ya ɓarke, har allurata ta tashi. Ya ce in yi haƙuri da ƙarar, daga wajensa ne.

Mikron nan ni na haɗa shi da hannuna, na san halinsa. Kurma ne, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamu ɗaya daga bakin mai magana.

Na danna na ce, Guci, nan Bande, ina jin ku sarai, ku biyun.